Baƙon Da Ba Ya Cin Goro

A zamanin mulkin Shugaba Ahijo, Garwa ba ta kai girman da kuke gani yanzu ba. Motoci ba su da yawa, kekuna ne suka cika titi. Idan damina ta yi nisa, Kogin Binuwai ya cika ya batse, jiragen ruwa sukan zo daga Najeriya da gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Yara sukan ruga bakin kogi su yi ta ɗaga wa matuƙa hannu har jirgi ya ɓace. Da rana kuwa kowa yana ƙarƙashin darbejiya, rediyo yana ta magana da Fillanci da Hausa. Gari ne mai zafi, amma duk wanda ya tashi a cikinsa a wancan lokaci ba ya daina kewarsa.

A unguwar Hausare akwai wata yarinya mai suna Ummuhani. Tana karatu a makarantar boko, wadda mutanen gari suke kira lekol. Mahaifinta, Malam Hayatu, mahauci ne. Da sassafe yake tafiya kwata, inda ake yanka shanu. Da hantsi ya dawo ya shanya kilishi a bayan gida.

A gidan akwai kakarta, Kaka Dela, mahaifiyar Malam Hayatu. Tsohuwa ce mai tsokana. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ba ta rabuwa da goro. Tana da magogi, wato marfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. A kansa take goga goro ya zama gari, ta zuba a tafin hannu, ta watsa a baki. Ita da Ummuhani kullum cikin wasa suke. "Ƙawata" take kiran yarinyar.

Kaka Dela tana da wata al'ada da kowa ya sani a unguwa. Duk baƙon da ya shigo gidan, sai an ba shi ruwa, sannan ta buɗe kumbonta ta miƙa masa goro. A wurinta, wanda bai ci goronta ba, ɗan hanya ne kawai. Wanda ya ci kuwa ya zama ɗan gida, ko da daga gari mai nisa kamar Kuseri ya fito.

To, malamin ajin su Ummuhani wani mutumin kudu ne, Malam Émile. Yana da wata 'yar karya fara mai yawan gashi, wadda wata Baturiya ta bar masa da za ta koma ƙasarsu. Irin ƙananan karnukan nan ne da ko sun tsufa ba sa wuce girman kyanwa. Karyar ta haihu. Wata rana Ummuhani ta kai masa saƙon kilishi, ta ga 'yan kwikwiyo suna birgima a cikin kwali. Daga ranar ba ta ƙara samun sukuni ba.

Ta roƙi mahaifinta. Ya ce a'a. Ta sake roƙo. Ya ce tun kakanni ba a taɓa ajiye kare a gidansu ba. Amma Ummuhani ba ta san gajiya ba wajen naci. Kuma a daidai lokacin, kyanwowin unguwa da ɓeraye sun addabi kilishin Malam Hayatu. Malam Émile ya gaya masa cewa irin karnukan nan, duk da ƙanƙantarsu, akwai su da haushi.

Malam Hayatu ya je ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce babu laifi a ajiye kare don gadi. Amma a ware masa kwanonsa, kada ya hau shimfiɗar salla. Ya ƙara da cewa duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, kuma Allah zai tambaye shi.

Da Malam Hayatu ya dawo, ya kira 'yarsa.

"Ummu, na yarda. Amma ki ji da kyau. Amanarsa a wuyanki take. Ranar da na ga ba za ki iya ba, zai bar gidan nan."

"Zan iya, Baba," in ji ta, tana tsalle.

Ranar da ta je ɗauko shi, Malam Émile ya zaunar da ita a kan benci. Hausarsa gauraye take da Fillanci da Faransanci, amma ana gane shi sarai. Ya ɗora mata ɗan kwikwiyon a cinya, ya fara yi mata bayani.

Ya ce wannan ba irin karnukan farauta ba ne da ake jefa wa ƙashi. Cikinsa bai fi ƙwan kaza ba. A ba shi abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini, don idan ya daɗe da yunwa sai ya galabaita. Shinkafa mai laushi da dafaffen nama da aka daddaka sun ishe shi. Ban da yaji, ban da albasa, ban da ƙashin kaza. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa. Kada a bar shi a kan ƙasa mai zafi da tsakar rana. Kowa ya riƙa duba ƙafarsa kafin ya taka. Kada ta ɗaga shi sama ta sake. Ta kula da shirwa, don za ta iya sure shi kamar ɗan tsako. Idan ya ɗan ƙara girma, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare.

Ya ba ta wani tsumma da uwar take kwanciya a kai. Ya ce ta sa masa a kwando, ƙanshin uwarsa zai rage masa kuka.

"Saura magana ɗaya, kuma ita ce babba," in ji Malam Émile. "Duk abin da ban ambata ba, kada ki ba shi sai kin tambaya. Kin ji?"

"To, Malam," in ji Ummuhani.

Bakinta ne ya amsa. Kunnenta kuwa ba ya wurin, domin a lokacin ɗan kwikwiyon ya kama bakin mayafinta yana ja, ita kuma tana ta dariya.

Ta sa masa suna Dunƙule, saboda idan ya kwanta bai fi dunƙulen hannun Baba ba. Ta samo masa wani tsohon kwanon sha. Ta shirya masa kwando a gindin darbejiyar tsakar gida. A gaskiya ta yi ƙoƙari. Kafin ta tafi lekol sai ta ba shi abinci. Da ta dawo, ko jaka ba ta ajiyewa sai ta duba ruwansa. Idan ta taɓa shi, sai ta wanke hannu kafin ta shiga ɗaki. In inuwar shirwa ta gifta, ta ruga ta tsaya a kansa.

Kowa a gidan ya fara sabawa da Dunƙule. Har Malam Hayatu yakan ware masa ɗan nama marar yaji, ko da yake bai taɓa sa masa hannu ba. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Kaka Dela. Idan ya matso kusa da tabarmarta, sai ta janye ƙafa ta kaɗa masa mafici.

"Ƙawata, zo ki ɗauke ɓeran Turawanki," takan ce. "Wai wannan ne mai gadi? Ai shi ya kamata a yi wa gadi."

Ummuhani takan yi dariya, amma abin yana damunta a rai. Tana son Kaka, tana son Dunƙule, kuma tana son su shirya.

Wata ranar Alhamis, ranar da ba a zuwa lekol, wani dillalin shanu ya zo daga Mayo-Ulo wurin Malam Hayatu. Ya shigo gaida Kaka. Aka kawo masa ruwa, Kaka ta buɗe kumbo ta miƙa masa farin goro. Ya ɓare ya jefa a baki. Kaka ta ce masa daga yau ya zama ɗan gida, ƙofa a buɗe take.

Ummuhani tana gefe tana kallo. Da baƙon ya fita, ta matso.

"Kaka, shi Dunƙule yaushe zai zama ɗan gida?"

"Wa? Ɓeran nan? Ya ci gorona ne?" in ji Kaka. Ta gyara matashi ta kishingiɗa, ba da daɗewa ba barci ya ɗauke ta.

Kaka wasa take yi. Amma Ummuhani ta ɗauki maganar da gaske. Ta ce a ranta, ashe abin da ya rage ke nan. Idan Dunƙule ya ci goron Kaka, ba ta da sauran abin cewa.

Ta lallaɓa ta buɗe kumbon. Ta ɗauki ɓarin goro. Ta miƙa wa Dunƙule, ya sansana ya kau da kai. Sai ta tuna cewa haƙoransa ƙanana ne, kusan ɗaya suke da Kaka. Don haka ta ɗauko magogi ta goge goron tas. Ta zuba garin a cikin daddakakken nama, ta cakuɗa da yatsa.

Dunƙule ya lasa ya yi atishawa. Ta ƙara masa nama a kai. Ya ci kaɗan, ɗaci ya ishe shi, ya bar saura. Ummuhani ta ce ko kaɗan ne ai ya ci. Ta zubar da ragowar, ta wanke magogin, ta mayar da shi wurinsa. Ta zauna tana jiran Kaka ta farka ta ba ta albishir.

Kafin azahar, Dunƙule ya canza.

Ya fara kewaya gindin bishiya da gudu, ba ya tsayawa. Ya zaro harshe yana haki. Ta kira shi, bai ko waiwayo ba. Ya yi amai. Yawu ya fara zuba daga bakinsa. Da ta ɗora hannu a ƙirjinsa, ta ji zuciyarsa tana bugawa da sauri ƙwarai, duk jikinsa yana rawa.

A nan take maganar Malam Émile ta dawo wa Ummuhani, maganar da ta amsa da baki kawai. Ta tuna kuma abin da Baba ya ce, ranar da ya ga ba za ta iya ba, Dunƙule zai bar gidan. Sai ta ƙi gaya wa kowa. Ta yi ta addu'a a zuci, tana fatan abin ya wuce kafin wani ya lura.

Bai wuce ba. Kukan Dunƙule ya tashi Kaka daga barci. Yaran maƙwabta suka leƙo. Ɗaya ya ruga ya kira Malam Hayatu daga wurin kilishi. Maƙwabcinsu Bilya, wani ƙaton mutum mai sayar da itace, ya biyo shi.

Bilya yana ganin yawun nan ya ja da baya. Ya ce haukan kare ne, shi ya taɓa gani da idonsa. Ya ce a janye yara, kada wanda ya matsa. Ya fita ya dawo da buhu da wata ƙatuwar sanda.

A wancan zamani babu abin da mutane suke tsoro kamar mahaukacin kare. Kuma suna da gaskiya, domin cizonsa yana kisa. Ba wanda zai ga laifin Bilya. Malam Hayatu ya tsaya yana kallon ɗan kwikwiyon, fuskarsa ba walwala.

"Ummu, shiga ɗaki," ya ce a hankali. "Ba na son ki ga wannan."

Ummuhani ba ta shiga ba. Ta san ba hauka ba ne. Ita kaɗai ta sani. Idan ta faɗa, Baba zai raba ta da Dunƙule. Idan ta yi shiru, sandar Bilya ce za ta raba su.

Kaka Dela kuwa ta jawo kumbonta don ta ɗan goga goro, kamar yadda takan yi idan hankalinta ya tashi. Sai ta ji magogin a jiƙe. Ita ba ta taɓa wanke shi ba, kaɗe shi kawai take yi. Ta duba cikin kumbo, ta ɗago kai ta dubi jikarta. Ba ta daka mata tsawa ba. Ta dai ɗaga magogin.

"Ƙawata, wa ya yi wa magogina wanka?"

Hawaye suka zubo wa Ummuhani. Ta ruga ta tsaya tsakanin Bilya da Dunƙule.

"Baba, ba hauka ba ne. Ni ce. Goron Kaka na goga masa a cikin nama. So nake ya zama ɗan gida."

Bilya ya sauke sanda, ya ce shi bai yarda ba. Goro ai ba ya yi wa kowa komai, shi kullum sai ya ci.

"Kai da kake ɗaukar itacen jaki biyu a ka?" in ji Kaka. "Ni ranar da na fara cin goro ina yarinya, zuciyata sai da ta kusa fitowa ta baki. Balle wannan abin da bai cika tafin hannu ba. Hayatu, ka daina tsayuwa, ka kai shi wurin masu magani."

Malam Hayatu ya jawo kekensa. Kaka ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanenta, ta jefa wa Ummuhani, ta ce ta naɗe shi kada ya faɗo. Dunƙule yana ta fizge-fizge, yarinyar ta kasa naɗe shi. Sai Malam Hayatu ya durƙusa. Mutumin da bai taɓa taɓa kare ba a rayuwarsa, ya sa hannu biyu ya naɗe shi a zanen, ya kwantar da shi a kwando.

Ummuhani ta hau bayan keke ta rungume kwandon. Suka ratsa ta gefen kasuwa, rana tana dukansu. Abokan Malam Hayatu suna kiransa, bai tsaya gaisawa ba. Ita dai tana jin bugun zuciyar Dunƙule ta cikin zane, tana cewa, "Allah ka bar mini shi."

A asibitin dabbobi suka sami Malam Antoine. Shi ne yake zuwa kwata kowace safiya ya duba nama ya buga masa hatimi, don haka sun saba da Malam Hayatu.

"Jam na, Hayatu?" ya gaishe shi da Fillanci, wato yana tambayar lafiya.

"Jam kaɗan," in ji Malam Hayatu, ya ajiye kwandon a kan tebur.

Malam Antoine ya buɗe zanen ya duba. Ya tambaya ko wani kare ya taɓa cizonsa, aka ce a'a. Ya tambaya ko an sa maganin ɓera a gida, aka ce a'a. Malam Hayatu ya dubi 'yarsa. Wannan karon Ummuhani ba ta jira an matsa mata ba. Ta faɗi abin da ta ba shi, da yawansa, da lokacin da ya ci, da yadda ya bar saura.

Malam Antoine bai yi dariya ba. Ya ce a cikin goro akwai wani abu mai sa zuciya gudu. Babban mutum yana iya ɗauka, har ya ji daɗi. Amma ga kare guba ne, balle ƙarami irin wannan. Haka kofi, haka shayi mai kauri, haka cakulan da Turawa suke ci.

"Da ya cinye duka, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba," ya ce. "Da kuma kin ɓoye mini, da na kulle shi a keji ina jiran in ga ko hauka ne, har lokaci ya ƙure. Yanzu na san abin da zan yi."

Ya ɗura wa Dunƙule wani baƙin magani. Ya yi masa allura don jikinsa ya lafa. Sannan ya ce su fita waje su jira.

Suka zauna a gindin wata bishiyar mangwaro. Ummuhani ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

"Na san ba mugunta kika yi ba," in ji Malam Hayatu. "Amma da ya mutu, kyakkyawar niyyarki ba za ta tashe shi ba. Malaminku bai ce ki riƙa tambaya ba?"

"Ya ce, Baba."

"Kuma kin buɗe kumbon Inna ba da izininta ba."

"Na yi kuskure, Baba. Ka yafe mini."

"Za ki nemi gafararta ita ma."

Ta so ta tambaye shi ko zai bar mata Dunƙule, amma ta kasa. Ta ga ba ta da bakin tambaya.

Bayan la'asar Malam Antoine ya kira su. Dunƙule yana kwance, rawar jikin ta ragu, numfashinsa ya fara daidaita. Amma ya ce sai ya kwana a wurinsa, don bai gama fita daga haɗari ba. Suka koma gida da kwando babu kowa a ciki. A duk rayuwarta Ummuhani ba ta taɓa ɗaukar abu marar nauyi da ya yi mata nauyi haka ba.

Ta durƙusa gaban Kaka ta nemi gafara. Kaka ta ce ta yafe. Ta ƙara da cewa ita ma tana da nata laifin, tunda ta yi wasa da yarinyar da ba ta san wasa ba. Ranar ko tuwo Ummuhani ba ta iya ci ba.

Washegari a lekol, ta sami Malam Émile kafin a shiga aji. Ta gaya masa komai. Ya saurara har ta gama.

"Laifinki ba rashin ƙauna ba ne," ya ce. "Kin ba shi abin da ake girmama mutum da shi. Amma shi ba mutum ba ne. Abin da yake alheri a wurinmu yana iya zama cuta a wurinsa. Shi ba ya iya cewa a'a, shi ya sa ke za ki riƙa tambaya a madadinsa."

"Daga yau ko ruwa ne sai na tambaya, Malam."

Ya yi murmushi. "Ruwa kam ki ba shi."

Da aka tashi, ta fito ta ga abin da ba ta zata ba. Mahaifinta yana bakin ƙofar lekol da kekensa, kwando a ɗaure a gaba. Ta ruga. Wani ɗan farin kai ya leƙo daga cikin zanen Kaka. Dunƙule ne. Ya rame kaɗan, amma da ya gan ta sai ya fara kaɗa wutsiya.

Ummuhani ta tsaya cak.

"Baba, wurin Malam Émile ka kawo shi?"

"Na yi niyyar haka jiya," in ji Malam Hayatu. "Amma na yi tunani. Kin san gaskiya za ta iya raba ki da shi, kuma kika faɗa don ya rayu. Mai yin haka ana iya ba ta amana. Hau mu tafi gida."

Da suka isa, Kaka Dela tana kan tabarmarta, Bilya ma ya shigo jin labari. Ummuhani ta sauke Dunƙule a gindin darbejiya. Ya yi 'yar tafiya yana tangaɗi. Bai nufi kwanonsa ba. Kai tsaye ya je bakin tabarmar Kaka ya kwanta, wataƙila don ya saba da ƙanshin zanenta.

Kowa ya zuba ido ya ga mafici zai tashi. Kaka ta dube shi, ta dubi jikarta. Ba ta janye ƙafa ba.

"Baƙi da yawa sun ci gorona," ta ce, "amma ban taɓa ganin wanda ya kusa ba da ransa a kai ba. Ku bar shi, ɗan gida ne. Sai dai ya ci na farko, ya ci na ƙarshe."

Aka yi ta dariya, har da Bilya. Ummuhani ta faɗa jikin Kaka ta ƙanƙame ta.

Dunƙule ya warke sarai. Da lokaci ya yi, aka kai shi wurin Malam Antoine aka yi masa allura. Bai taɓa wuce girman kyanwa ba, amma haushinsa ya kori duk kyanwowin unguwa daga kilishin Malam Hayatu. Kaka ta mayar da kumbonta kan wata 'yar kanta a bango, inda ba zai kai ba. Tsohon zanen kuwa ba ta karɓa ba, shi ya zama shimfiɗarsa har ya tsufa.

Yara, ga abin da Ummuhani ta koya. Idan an ba ka amanar dabba, ƙauna kaɗai ba ta isa ba. Ka saurari waɗanda suka sani. Kada ka ba ta abin da ba ka tabbatar ba, sai ka tambaya. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, domin tana iya ceton rai.

Yau jiragen ruwa sun daina zuwa Garwa. Kaka Dela da Malam Hayatu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ummuhani ita ma ta zama kaka, kuma ita ta gaji kumbon da magogin. Har yanzu duk baƙon da ya shiga gidanta sai ya sha ruwa ya ci goro. Idan jikokinta suka tambaye ta ko akwai baƙon da aka taɓa hana wa goro, sai ta shafa magogin ta yi murmushi. Ta ce akwai guda ɗaya, fari ne, gajere, mai ƙafa huɗu, kuma har yau tana kewarsa.